SHARHI: Takalmin Kariya A Wuraren Gini Na Wurno Da Rabah Da Goronyo, Nauyin Wa Ne?

Ranar 28 ga watan Afrilun kowace shekara ita ce ranar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta keɓe tun daga shekarar 2003 domin tunatar da gwamnatoci da masu ɗaukar ma'aikata muhimmancin kiyaye lafiya da kare rayuka a wuraren aiki. A ƙiyasin da ƙungiyar ta fitar a shekarar 2023, kusan mutum miliyan 3 ne ke rasa rayukansu duk shekara a faɗin duniya sakamakon haɗurra da cututtukan da suka gamu da su a wajen neman abinci, yayin da wasu kimanin miliyan 395 ke samun raunuka. Akan yi bikin wannan rana a Abuja da sauran manyan birane, a gabatar da jawabai, a watse. To amma leburan da ke kwaɓa siminti a harabar wata makarantar firamare a Achida, ko wanda ke haƙar ramin kwalbati a kan hanyar Gandi, bai ma san ana yi ba. Galibi silifas ne a ƙafarsa, idan ma bai cire shi ya ajiye a gindin bishiya don gudun kada ya tsinke ba.

A wannan sharhi za mu taƙaita ne a kan abu guda daga cikin kayan kariya, wato takalmi, wanda ma'aikata da dama ke kira sefti. Ra'ayinmu, wanda za mu kawo hujjojinsa a gaba, shi ne dokokin da suka shafi wannan lamari na tarayya ne, kuma da wuya su iso ƙauye da kansu. Abin da ke hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi shi ne takardar kwangila, kuma a cikinta ne ya kamata a rubuta takalmin leburori da kuɗinsa, kamar yadda ake rubuta siminti da rodi.

Sanin kowa ne cewa gini ba baƙon abu ba ne a wannan yanki na gabashin Jihar Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a shekarar 1837, kuma a can hubbarensa yake. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Magina na wancan zamani da ƙasa suke aiki. Akan jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a shiga ciki a tattake da ƙafa har ta yi danƙo, sannan a mulmula tubali. A irin wannan aiki ƙafa tana cikin kayan aiki, kuma wanda ya shiga kwaɓi da takalmi dariya za a yi masa. Daga baya sai zamani ya juya. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a shekarar 1967. Aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a shekarar 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, mai tsayin mita 21 da tsawon kilomita 12 da rabi. Ga madatsar Lugu da magudanan noman rani na Wurno. Bayan ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta mamaye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima har ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, jama'a da yawa sun ga yadda ginin ƙasa ke narkewa a cikin ruwa, kuma duk wanda ya samu hali ya fi son ya sa bulo ko da a harsashi ne. A yau ajujuwan makarantu da ɗakunan shan magani da masallatai da shagunan kasuwa duk da bulo da kankare ake yin su.

Abin lura a nan shi ne kayan gini sun canza, amma al'adar shiga aiki da ƙafa a buɗe ba ta canza ba. Ƙasar gini ba ta cin fata. Siminti kuwa yana ci. Idan ya haɗu da ruwa yakan zama sinadari mai kaifi irin na toka mai ƙarfi, wanda ma'aunin masana ke kai shi tsakanin 12 zuwa 13 a sikelin da ya tsaya a 14. Mugun halinsa shi ne ba ya yin zafi nan take. Mutum zai yini yana tattaka kankare bai ji komai ba, sai da dare ko washegari fatar ta yi ja, ta yi bororo, wani lokaci ta saluɓe har ta zama gyambo. Faso da tsagewar tafin ƙafa da muke gani a wurin masu buga bulo da masu zuba dakin, waɗanda ake ɗora wa sanyin hunturu, da yawansu aikin siminti ne.

Na biyu ita ce ƙusa. Duk inda aka zuba kankare sai an yi masa akwati da katako, kuma idan kafinta ya ɓamɓare akwatin, katakan kan zube a ƙasa ƙusoshi na kallon sama. Leburan da ya ɗauko kwanon kankare a ka ba ya iya kallon ƙasa. Silifas ba ya tare ƙusa, haka ma takalmin robar da ake sayarwa a kasuwa. Raunin ƙusa ƙarami ne a ido, amma yana da zurfi, kuma irinsa ne ƙwayar cutar tetanos, wadda ake kira sarƙe-haƙora, ta fi so. Wannan ƙwaya tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba a jikin tsatsa kaɗai ba kamar yadda ake zato, kuma babu ƙauyen da ya rabu da taki a yankinmu. Cutar kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, a lokacin da mai raunin ya riga ya manta da ƙusar, sai a shiga neman dalili a wani wuri dabam. Sai kuma faɗowar abu mai nauyi: buhun siminti kilo 50 ne, bulo mai inci tara ma ba abin wasa ba ne idan ya kuɓuce daga hannu ya sauka a kan yatsu.

Masu aiki a fadamun Wurno da Goronyo suna da ƙarin matsalolin da leburan birni bai san su ba. Wanda ke sharar daji kafin a fara aikin hanya, ko yake kwashe bulon da ya daɗe a jibge, yana tare da haɗarin kububuwa da kunama, kuma sarar maciji ta fi aukuwa a ƙafa da ƙwauri. Wanda ke gyaran magudanar noman rani kuwa yakan yini tsaye a cikin ruwan da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata.

Wajibi ne mu tuna ko su wane ne waɗannan leburori. Yawancinsu manoma ne da ke neman na cefane a tsakanin girbi da faɗuwar damina, wasu kuma mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka dawo cikin gari ba gona ba dabba. Magidancin da ƙusa ta soke a watan Mayu, ƙafar ta kumbura ta kwantar da shi mako uku, ba kuɗin yinin aiki kaɗai ya yi asara ba. Shuka za ta wuce shi, kuma abin da ya tara zai ƙare a hannun mai ɗori ko a hanyar asibitin Sakkwato. Saboda haka batun takalmi batu ne na abincin gida guda na shekara.

Me doka ta ce?

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 17, ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar da cewa an kiyaye lafiya da tsaro da walwalar duk wanda ke aiki. Amma wannan Tsarin Mulki ya sanya sha'anin ƙwadago, har da kariyar ma'aikata, a cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Ma'ana, Majalisar Dokokin Jiha ba za ta zauna ta kafa tata dokar ƙwadago ba, balle majalisar kansiloli. Ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su fahimci wannan, domin daga nan ne ake fakewa a ce abin ba huruminmu ba ne.

Babbar dokar tarayya a wannan fanni ita ce Dokar Masana'antu ta 1987, wadda aka sake bugawa cikin kundin dokokin ƙasa na 2004. Sashe na 47 na dokar ya wajabta wa mai masana'anta ya samar da tufafi da kayan kariya, kuma ya ambaci takalmi da sunansa tare da safar hannu da tabarau da abin rufe kai, ga duk ma'aikacin da aikinsa ke haɗa shi da danshi mai yawa ko wani abu mai cutarwa. Jiƙaƙƙen siminti ya cika waɗannan sharuɗɗa biyu. Matsalar ita ce an tsara dokar ne da tunanin masana'anta mai katanga da injuna, kuma masana harkar gini a Nijeriya sun daɗe suna kokawa cewa fassarar da dokar ta yi wa masana'anta ba ta rungumi filin gini yadda ya kamata ba. A shekarar 2012 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri da zai faɗaɗa kariyar zuwa sauran wuraren aiki, amma bai samu sa hannun Shugaban Ƙasa ba a wancan lokaci. Bugu da ƙari, sufetocin da ke tabbatar da bin wannan doka ma'aikatan Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Duk mai hankali ya san sufeton da ke zaune a babban birnin jiha ba zai riƙa zagaya ginin aji biyu a ƙauyukan Rabah ba.

Akwai kuma wata doka da ta fi kusa da lebura, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu, kuma ta hana shi cire wannan kuɗi daga aljihun ma'aikaci. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne yadda ta fassara ma'aikaci. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin yini. Wato leburan da heluma ya kira da safe ya sallama da yamma yana ciki. Dokar ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai aiki raunin da aka samu, ta ba mai aiki kwana 7 ya kai rahoto, sannan ta ba da shekara ɗaya a shigar da buƙatar diyya. Sai dai diyya bayan ɓarna take zuwa, kuma ba ta mayar da yatsan da aka yanke.

A matakin duniya, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 a shekarar 1994, ta kuma amince da mai lamba 187 a shekarar 2022. Ita ta farkon ta faɗi abubuwa biyu ƙarara: mai aiki ne zai samar da kayan kariya inda ake buƙatarsu, kuma matakan kariya ba za su jawo wa ma'aikaci kashe ko kwabo ba. Ƙasashe sun bambanta wajen aiwatarwa. A Amurka, ƙa'idar da aka fitar a 2007 ta ce mai aiki ne zai biya kuɗin kayan kariya, amma ta cire takalmi mai ƙarfen kan yatsu na yau da kullum idan an bar ma'aikaci yana tafiya da shi gida. A Ingila kuwa mai aiki ne ke bayarwa kyauta, kuma a shekarar 2022 aka faɗaɗa wannan haƙƙi ga masu aikin wucin gadi. A ganinmu tsarin Ingila ne ya dace da halin da muke ciki. Ma'aikacin gini a Amurka zai iya sayen takalmi daga ladan yini guda ko biyu. Leburan Goronyo kuwa sai ya haɗa ladan kwanaki da dama bai ci bai sha ba, ga aikin da ba shi da tabbacin zai kai mako.

Ba kowane but ne takalmin kariya ba

Sau da yawa idan babban baƙo zai kai ziyara wurin aiki, akan ga an raba wa leburori dogon takalmin roba na damina, a ɗauki hoto. Wannan takalmi yana hana ruwa da siminti taɓa fata, amma ƙusa za ta huda shi kamar yadda take huda silifas, kuma ba ya kare yatsu daga bulo. Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi, mai suna ISO 20345, ya gindaya cewa murfin da ke kan yatsu sai ya jure bugun da ya yi daidai da a saki abu mai kilo 20 daga tsayin kusan mita ɗaya, ya kuma jure dannawar kimanin tan ɗaya da rabi. Wanda aka sa wa faranti a tafinsa domin tare ƙusa sai ya jure sukar da ta kai nauyin kimanin kilo 110. Akan buga alama a harshen takalmin ko a gefensa. Alamar SB na nufin murfin yatsu ne kawai. S3 takalmin fata ne mai murfin yatsu da farantin tafi, wanda ruwa ba ya saurin ratsawa, kuma shi ya dace da birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi. S5 kuwa dogon takalmin roba ne mai murfi da faranti, na masu shiga cikin kankare da masu aiki a magudanan ruwa. Daraktan ayyuka na ƙaramar hukuma ba ya buƙatar wani dogon karatu kafin ya riƙe waɗannan alamomi uku.

Wani abin da ya kamata masu zuba dakin su sani shi ne idan kankare ya zuba cikin dogon takalmi ta sama, aka ci gaba da aiki a haka, ƙunar ta fi ta wanda ba shi da takalmi muni, domin simintin na manne da fata cikin zafi da gumi na tsawon sa'o'i. Maganin wannan shi ne a saki ƙafar wando a kan takalmin maimakon a cusa ta ciki, kuma da zarar an ji ya shiga a cire a wanke ƙafa da ruwa mai yawa. Haka zalika a yi hattara da na gwanjo. Murfin da ya taɓa shan mugun bugu ya gama aikinsa ko da fatar waje na ƙyalli, kuma kasuwanninmu ba su rasa jabun kaya masu ɗauke da alamar da ba su cancanta ba. A nan ne Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ke da rawar takawa.

'Yan kwangila suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba, domin akwai gaskiya a ciki. Sukan ce idan ka ba lebura takalmi yau, gobe za ka gan shi a kasuwa, ko kuma leburan ya tafi da shi bai dawo ba. Sukan ce leburorin yau ba su ne na gobe ba, to nawa za a saya, kuma mai lamba nawa? Su ma leburorin sukan ce takalmin nauyi gare shi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙafa na dahuwa a ciki. Ga kuma alwala, wadda ke sa a kwance a ɗaura a lokacin Azahar da La'asar. Duk waɗannan gaskiya ne, amma babu wanda ya gagari magani a cikinsu. Ɗan kwangila ba ya raba wa leburori shebur da diga da baro su tafi da su gida. Da safe ake bayarwa a rubuta suna, da yamma a karɓa a kulle a sito, kuma ba mu taɓa jin wanda ya daina sayen shebur don ana sacewa ba. Haka za a yi da takalmi: a tanadi lambobi daban-daban, a wanke a shanya, kowa ya zo da safarsa. Ma'aikatan dindindin irin su birkila da heluma a ba su nasu na kansu. Batun zafi kuwa, magina da kansu sun san dabarar fara aiki da sassafe a huta da tsakar rana. A ajiye silifas a wurin alwala, wanda ya kamata ya kasance nesa da inda ake zubar da katako.

Inda ƙarfin ƙaramar hukuma yake

Mun ce jiha da ƙaramar hukuma ba su da ikon kafa dokar ƙwadago. Amma babu abin da ya hana mai kuɗi gindaya sharaɗi ga wanda zai yi masa aiki, kuma a Wurno da Rabah da Goronyo babu mai ba da aikin gini da ya kai gwamnati, ko ta jiha ce, ko ƙaramar hukuma, ko Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya, ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Gwamnatin Tarayya ta riga ta nuna hanya, domin tallace-tallacen kwangilolinta kan nemi takardar shaidar biyan kuɗin NSITF kafin a saurari kamfani. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rancen yin su, irin shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014 wanda ya haɗa da noman rani na tsakiyar kwarin Rima, sukan zo da sharuɗɗan kariyar ma'aikata a rubuce. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga hular kwano da but a babban aiki, ka rasa su a ginin ɗakin shan magani da ke nesa kaɗan da wurin, alhali ƙusar da siminti duk iri ɗaya ne.

Abin da muke ba da shawara shi ne kayan kariya su samu layinsu na kansu a takardar ƙiyasin kuɗin aiki, da adadi da nau'i da farashi. Dalili kuwa shi ne muddin aka bar su a dunƙule cikin ribar ɗan kwangila, to wanda ya yi niyyar saye zai sa farashi sama da na wanda bai yi niyya ba, kuma kwangilar za ta tafi wurin mai arha. Wato tsarin da kansa yana hukunta mai tausayi. Idan kuwa an ware kuɗin a fili, kowa ya san gwamnati ta biya, kuma wanda bai saya ba ya ci haƙƙin lebura ne da dukiyar jama'a a lokaci guda. Sannan a ɗaura biyan kashi na gaba, bayan kuɗin kafin-alƙalami, a kan shaidar jami'in da ke duba aiki cewa ya ga takalman a ƙafafun mutane, ba a cikin kwali ba. A aikin ginin ajujuwa biyu ko uku, kuɗin takalman leburori goma sha biyar ƙaramin kaso ne idan aka kwatanta da na siminti da kwanon rufi.

Ayyukan da ƙaramar hukuma ke yi da kanta ba tare da ɗan kwangila ba, irin su yasar lambatu da cike ramukan hanya da gyaran rumfunan kasuwa, su ne gwajin gaskiya, domin a nan ƙaramar hukumar ce mai ɗaukar ma'aikata, kuma duk abin da doka ta ɗora wa mai aiki a kanta yake. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 game da 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, idon jama'a ya ƙara komawa kan shugabanni da kansiloli. Zai yi wuya daraktan ayyuka ya tsare ɗan kwangila a kan takalmi alhali leburorin sashensa na shiga lambatu mai cike da fasassun kwalabe da ƙafa a buɗe.

Ragowar aikin gini, wato gidajen jama'a da shaguna da wuraren buga bulo, ba ya bi ta ofishin kowa. A nan sai a koma ga shugabannin ƙungiyoyin magina da masu buga bulo, da iyayen ƙasa da dagatai da limamai, waɗanda maganarsu ta fi ta sufeto tasiri. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin biki da na jinya za ta iya yin adashin takalmi. Mai gidan da zai zuba dakin, wanda ya riga ya yi hayar injin kwaɓi da katako, zai iya neman a haɗa masa da hayar dogayen takalma na yini guda. Cibiyoyin lafiya na matakin farko kuma za su taimaka matuƙa idan suka riƙa tambayar duk mai raunin ƙafa inda ya same shi suna rubutawa, tare da yi masa allurar tetanos, domin a halin yanzu akasarin waɗannan raunuka a gida ake jinyarsu, da toka ko man birki, ba tare da sun shiga lissafin kowa ba. Masu ciwon sukari su ne suka fi kowa shiga haɗari, saboda ƙaramin rauni a ƙafarsu na iya ƙarewa da yankewa.

Ba za mu rasa ambaton wani abin takaici ba. Sakkwato ta yi suna a duniya da fatar jar akuyarta, wadda aka daɗe ana ketare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Muna da majema da dukawa, ga cibiyar binciken fata ta tarayya a Zariya, amma takalmin kariyar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da mafi yawansa. Gaskiya ne fatar akuya ta yi laushi ga wannan aiki, ƙirgin shanu ake buƙata, kuma murfi da faranti sai an gwada su a ɗakin gwaji kafin a amince da su. Amma da a ce kwangilolin ƙananan hukumomi 23 duk suna neman wannan kaya a kowace shekara, da masu jari sun ga kasuwar da za ta sa su gwada.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin jami'an da ke duba ayyuka game da lokacin ziyara. Ranar ƙaddamar da aiki da ranar miƙa shi ba su nuna komai, domin ranar farko ba a fara ba, ranar ƙarshe kuma an share fili. Ranakun da ya kamata a je ba tare da sanarwa ba su ne ranar zuba kankare, lokacin da ake ɗebo ƙarin leburori daga tasha da bakin kasuwa, da kuma ranar da kafinta ke ɓamɓare katako.